Tambayi Goggo: An rubuta min pozitif a gwajin bakin mahaifa, shikenan kansa ce dani?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ya zafi ya haƙuri da shi. Tunda aka yi gwaje-gwajen sankarar bakin mahaifa kyauta na makon 8 Mars, ranar mata ta duniya, saƙonni ke ta shigo min kan magana ɗaya, dan haka wannan watan guda uku kawai zan ɗauka. Wadda bata ga tata ba tayi haƙuri ta karanta ta farkon nan da kyau, kusan duk abu ɗaya kuke tambaya.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Goggo ina wuni, dan Allah ki taimaka min wlh ina cikin tashin hankali. Shekarata 34 yarana huɗu a Garwa nake. Matan adashenmu ne suka ce ana gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta a wani lopital, ni lafiyata ƙalau ba abinda ke damuna rakiya kawai nayi, da muka je sai nace bari nima a duba ni. Matar ta sa min wannan ƙarfen ta shafa wani ruwa da auduga ya ɗan yi min raɗaɗi, can sai naji ta kira ɗayar suna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, daga nan ta rubuta IVA positif a karne na, ɗan littafin asibitin nan, tace in dawo bayan sati uku likita zai duba ni da na'ura. Nace madam mene ne, tace kar in damu, ta kira ta bayana dan layi har waje. Mu shida muka je ni kaɗai aka rubuta wa haka.

Goggo tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. A tsakar gida muke kwana saboda zafi, kowa yayi barci ni idona biyu ina kallon sama ina lissafin wa zai riƙe min auta, ko yaye ta ban yi ba. Karnen na ɓoye shi ƙasan kwanuka cikin kabet. Maigida ban faɗa masa ba tsoro nake yace a ina na kwaso, dan na gani a Facebook wai ta saduwa ake ɗauka kuma ni wlh tunda nake ban san wani namiji ba sai shi, ina 17 aka kai ni ɗakinsa. Yayar babata wannan ciwon ne ajalinta, ni nayi jinyarta ina budurwa, warin ɗakin nan har yau yana hancina. Maƙwabciyata tace in rabu da asibiti wai in ƙarfe ya taɓa kansa bazuwa take, ta kawo min haɗin matsi na tafarnuwa da bagaruwa. Randebu saura kwana tara kuma ji nake kamar kar in koma, in mutuwa ce gara ta same ni ban sani ba. Kansa ce dani Goggo? Cire min mahaifa za'a yi?

Daga wata 'yarki a Garwa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai tashi ki ciro karnen nan daga ƙasan kwanuka ki sa shi a jakar da kike fita da ita, dan ranar randebu da shi zaki tafi.

Abinda aka rubuta miki ba sunan kansa ba ne. Bari in gaya miki abinda matar nan tayi tun daga farko, tunda ita bata tsaya ta gaya miki ba. Ƙarfen da ta sa miki mai kama da bakin agwagwa buɗe hanya kawai yake a ga bakin mahaifa. Ruwan da ta shafa kuma ruwan kal ne, binegir ɗin nan dai da kike zubawa a salad, an sirka shi, shi ne yayi miki raɗaɗin. In an shafa sai a jira minti ɗaya a haska fitila. Bakin mahaifa mai lafiya launinsa kamar cikin leɓenki ne, ja-ja mai sheƙi, to in akwai wajen da fatar ta fara canzawa sai wajen yayi fari kamar an ɗiga masa madara. Ganin wannan farin shi ne IVA positif. Kuma amsar wannan gwajin kala uku ce, akwai negatif, akwai pozitif, akwai ta uku wadda ake rubutawa in ido ya ga abinda yayi kama da kansa, tsiro ko gyambo mai zubar da jini da an taɓa. Mai ta ukun nan ba'a ce mata jeki ki dawo bayan sati uku, a ranar ake tura ta gaba. Ke ta biyu aka rubuta miki.

Sannan farin nan ma ba kullum yake nufin wani abu ba. Ɗan sanyi ko kumburi na iya sa wajen yayi fari, fatar da ke sabunta kanta bayan haihuwa ma tana yi, na sha ganin matan da aka rubuta wa pozitif aka zo dubawa ta biyu ba'a samu komai ba. Gwajin kal kamar rariya ne mai ƙananan idanu, ana so ne ya tare duk wadda ake shakka a kanta, sai likita ya zo ya tace a hankali.

To a ce ma an duba an samu fatar ta canza da gaske. Nan ne nake so ki natsu ki ji ni. Sankarar bakin mahaifa bata faɗo wa mace rana ɗaya. Akwai wata ƙwayar cuta ana ce mata HPV, ita ce silar kusan dukkanta, wani likitan Jamus mai suna Harald zur Hausen ne ya gano haka har aka bashi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar nan kusan duk wanda ya taɓa aure, mace ko namiji, ta taɓa shiga jikinsa bai sani ba, kuma cikin mutum goma wajen tara jikinsu da kansa yake korarta cikin shekara biyu ba magani ba komai. A 'yan kaɗan ne take maƙalewa, in ta maƙale sai ta fara canza fatar saman bakin mahaifa sannu sannu. Daga nan zuwa ta zama kansa, ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki, shekara 15 ne zuwa 20 inji Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk tsawon shekarun nan ba ciwo ba jini ba wari, shi yasa kika ce lafiyarki ƙalau kuma gaskiya kika faɗa. Gwajin nan dama dan masu lafiya aka yi shi, a kama abin yana kan hanya tun bai iso ba.

In an ɗebi ɗan nama an kai labo zaki iya ganin an rubuta CIN 1 ko CIN 2 ko CIN 3. Duk ukun babu kansa a ciki, matakai ne na canjin fata. CIN 1 mafi yawanci da kansa yake komawa, sau da yawa sa ido kawai ake. CIN 2 da 3 su ake yi wa magani. Akwai wani bincike da aka buga a 2008 kan matan ƙasar Niyu Zilan masu CIN 3, wato matakin da yafi kowanne nisa. Waɗanda aka bari ba'a yi musu magani ba, kusan ɗaya cikin uku ta kamu da kansa cikin shekara 30. Waɗanda aka yi wa magani yadda ya dace ko ɗaya cikin ɗari basu kai ba. Ki sake karanta wannan layin 'yata, tsakanin matan can da matan nan ba komai sai samun magani da rashin samunsa.

Shi yasa cikin duk wasiƙarki abinda ya tayar min da hankali ba pozitif ɗin ba ne, cewar da kika yi kamar kar ki koma. Wallahi a shekarun da nayi ina aikin ungozoma ba matan da aka rubuta wa pozitif ne suka fi sa ni kuka ba, waɗanda suka tafi da takarda basu dawo ba ne, sai bayan shekaru a kawo su a kwance a bayan mota an shimfiɗa musu leda. Ƙiyasin 2020 ya nuna a Kamaru mata 2,770 ake samu da wannan ciwon a shekara, 1,787 suna rasuwa, ita ce ta biyu a kansar mata bayan ta nono. Mace-macen sun yi yawa haka ne saboda yawanci sai ciwo ya ci ya cinye ake zuwa. Yayar babarki Allah ya jiƙanta da rahama, zamaninsu wa ya taɓa ce mata zo a duba ki kina lafiya? Lokacin da jini da wari suka bayyana abin ya riga yayi shekaru yana aiki. Ke kin samu abinda ita bata samu ba. Kuma wannan ba irin ciwon da ake gado kai tsaye ba ne, dan ita tayi ba shi ne ke zaki yi ba.

Ranar randebu ga abinda zai faru, dan sanin abu yana rage rabin tsoronsa. Za'a sake sa miki ƙarfen nan, likita ya duba da wani madubi mai fitila mai ƙara girman abu, sunan duban kolposkopi, madubin a waje yake tsayawa baya shiga jikinki. Wataƙila ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa, zaki ji kamar an mintsine ki, shi ne biyopsi, ana aika shi babban labo wani lokaci har Yawunde, dan haka rezilta na iya ɗaukar makonni, jinkirin ba alamar mugun labari ba ne, hanya ce da layi. In wajen ƙarami ne kuma ana ganinsa duka, a wurare da yawa a take ake gamawa da shi. Akwai ɗan ƙarfe mai kai kamar maɓallin riga, ana ɗumama shi ya kai digiri 100 a ɗora a wajen ƙasa da minti ɗaya, wasu wuraren kuma da sanyi suke daskarar da wajen. Ba'a sa ki barci, ciwon kamar na mara lokacin al'ada ne, ki tashi da ƙafarki ki hau moto ki koma gida. In wajen yana da faɗi ko ya shige ciki sai a yi allurar kashe zafi a yanke shi da wata siririyar waya mai lantarki. Mahaifarki na nan daram, al'ada na nan, haihuwa na nan in Allah ya nufa. Sai dai wadda aka yi wa yankan waya in ta samu ciki ta faɗa a awo, dan yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci, sai a sa mata ido.

Bayan magani zaki ga ruwa-ruwa yana zubo miki har kusan wata guda, wani lokaci da ɗan jini, ki sa pad kawai. Sati huɗu ba kwanciya da maigida, ba cusa komai. Maganar sallah da wannan ruwan ki tambayi malamarku ta Islamiyya ki gaya mata na ciwo ne ba haila ba, kar kunya ta sa ki bar sallah wata guda. In kika ga zazzaɓi ko jini mai yawa ko wari ko ciwon mara mai tsanani ki koma a ranar. Bayan shekara ɗaya ki koma a sake dubawa, wannan ma ki rubuta shi inda ba zaki manta ba.

Haɗin maƙwabciya kuma ki gode mata, nasan dan ƙauna ta kawo, amma dan Allah kar ki cusa. Tafarnuwa da bagaruwa da alif da duk dangin matsi basa kashe HPV, ƙona fatar wajen suke su kumbura ta, likita yazo dubawa ya kasa bambance wanne ne wanne. Batun wai ƙarfe na baza kansa, abinda ke faruwa shi ne ana kai mace asibiti a ƙurarren lokaci, a duba ta, bayan wata biyu ta rasu, sai ace taɓawar da aka yi ce. Ciwon ne dama ya riga ya gama bazuwa kafin a je.

Yanzu kwana taran nan. Ba zan ce miki kar ki damu ba, an riga an faɗa miki haka kuma bai hana ki kwana ido biyu ba. Gaskiya ma'aikaciyar nan ta rage miki haƙƙi, ko da layi ya kai titi minti biyu na bayani ba zai gagara ba, mu ma'aikatan lafiya wannan laifin muna yinsa da yawa, kalmar da muka saba da ita a baki ita ce ke hana wata barci sati uku. Abinda nake so ki yi, ki daina ɗaukar kayan nan ke kaɗai. Ki samu mutum ɗaya, yayarki ko aminiya mai riƙe sirri, ki faɗa mata yau ɗin nan, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ita zata raka ki. In tana jin Faransanci sosai yafi, in ba haka ba ki ce a nemo miki mai Hausa ko Fulatanci, ba rashin kunya ba ne. Ki rubuta tambayoyinki a bayan karnen tun a gida dan in mutum ya hau gadon nan komai ɓace masa yake: me kuka gani, wane mataki ne, yau za'a yi magani ko sai rezilta ta fito, nawa zan tanada, yaushe zan dawo. Ki yarda a yi miki gwajin HIV ma in baki yi kwanan nan ba, ba dan ana zarginki ba, dan mace mai ɗauke da ita ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin wannan ciwon kuma a jikinta abin yafi sauri, shekara 5 zuwa 10, to sanin hakan yana canza yadda za'a bi da ke.

Da dare kuma ki ajiye wayar nan. Hotunan da kike gani a Facebook na matakin ƙarshe ne, ba wanda ke ɗora hoton matar da aka yi wa maganin minti ɗaya ta koma gida ta ɗora tukunya. In kin farka zuciya na bugawa ki tashi zaune ki sha ruwa, ki ja numfashi a hankali ki sauke, ki yi alwala ki yi raka'a biyu ki kai kukanki inda ya dace. Manzon Allah tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi yace Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, to neman maganin ma cikin tawakkali yake. Ki ci abinci ko ba daɗi, kina shayarwa ga wannan zafin na Garwa. In rashin barcin da rashin cin abincin suka ci gaba bayan an gama komai, shi ma ki faɗa wa likita, ciwo ne mai zaman kansa.

Batun maigida, ki karanta amsar da ke ƙasa, in kin ga dama ki miƙa masa mujallar ya karanta da kansa.

TAMBAYA TA BIYU

Assalamu alaikum Hajiya Goggo. Ni magidanci ne a Marwa, matana biyu. Amaryata an yi mata gwaji an ce tana da HPV, na tambayi wani yaro ɗan makaranta yace ciwon saduwa ne. Ita dai bazawara na aure ta shekara uku kenan, ban taɓa ganin wani abin zargi gare ta ba amma tunda naji haka zuciyata ta ƙi kwanciya, na ƙaurace wa ɗakinta sati biyu. Shin ni ma akwai gwajin da zan yi? Uwargida fa ta ɗauka? Ki faɗa min gaskiya.

Daga wani magidanci a Marwa

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci, kuma gaskiyar zan faɗa maka.

Eh ta hanyar kwanciyar aure ake ɗaukarta, amma ba irin ciwon da kake tunani ba ne. Ƙwayar nan tana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru shiru ba alama, kuma babu likita a duniya da zai duba ya ce maka ga ranar da ta shiga ko ga wanda ya kawo ta. Tana iya zama daga aurenta na fari, tana iya zama daga gare ka, domin kai ma ba ita ce matarka ta fari ba, kuma namiji yana ɗauke da ita ya ba iyalinsa bai taɓa jin ko ƙaiƙayi ba. Mace da bata san kowa ba sai mijinta ana samunta da ita. Dan haka takardar nan bata zama hujjar komai a kan mutuncin matarka ba, kuma ka sani zato zunubi ne. Ka duba halin da take ciki, an gaya mata abinda ya tsorata ta, ta dawo gida wajen wanda zai kwantar mata da hankali sai ta tarar ya juya mata baya. Ka koma ɗakinta yau, ka bata haƙuri, ƙauracewar bata kare ka daga komai, shekara uku kuna tare.

Samun HPV kuma ba samun kansa ba ne, yana nufin a ƙara duba bakin mahaifarta a gani ko ƙwayar ta fara taɓa fatar. Iri-iri ce da yawa, biyu daga ciki, lamba 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankarar, shi yasa wasu takardun ke rubuta lambar. Maza ba'a yi musu wannan gwajin a asibiti yadda ake yi wa mata, sai dai in ka ga wani tsiro ko gyambo a gabanka ka je a duba. Aikinka shi ne kuɗin moto da na asibiti da izinin fita, da haƙurin sati huɗu in an yi mata magani.

Uwargida kuma ka kai ta ita ma a gwada ta, abinda ya ci Doma ba ya barin Awe, amma dan Allah kar ka ce mata amarya ce ta kawo ciwo gida, ba gaskiya ba ne kuma wutar da zaka kunna ba zaka iya kashe ta ba. Ka ce mata kawai kowace mace daga shekara 30 ya kamata a duba ta, mai HIV kuma tun daga 25, haka ne kuwa.

In kana da yara 'yan shekara 9 ka kai su allurar rigakafin HPV. Kamaru ta sa ta cikin rigakafin yara tun 2020, a 2023 aka mayar da ita allura ɗaya aka haɗa da yara maza, Najeriya ma ta fara a 2023. Nasan maganar da ake yaɗawa wai tana hana haihuwa, tun 2006 ake yin allurar nan a duniya, 'yan matan farko da aka yi wa yanzu iyaye ne da 'ya'yansu.

TAMBAYA TA UKU

Goggo barka da aiki. Mahaifiyata shekararta 58, al'ada ta ɗauke mata kusan shekara takwas, yanzu wata uku kenan tana ganin jini jefi-jefi da wani ruwa mai ƙarni, ni na gani a zanenta da nake wanki ita bata faɗa ba. Nace muje asibiti tace ita ba zata buɗe wa ɗan cikinta jiki ba, wai basir ne. In jira a zo gwajin kyauta na gaba in lallaɓa ta?

Daga 'yarki a Kusiri

AMSA

A'a 'yata kar ki jira, wannan maganar daban take da ta sama. Gwajin kyauta na wadda bata jin komai ne. Jini bayan al'ada ta ɗauke, ko jini bayan kwanciya, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, waɗannan likitan mata ake kai wa kai tsaye cikin satin nan. Ko gwajin kal ɗin ma bai cika amfani ga mai shekarunta ba, dan bayan al'ada ta ɗauke wajen da ake son gani yana janyewa ciki.

Ba lallai kansa ba ce, fatar wajen na yin siriri da bushewa da tsufa tayi jini, akwai kuma ɗan tsiro mara illa da ake cirewa. Amma ba zan ɓoye miki ba tana iya zama ta bakin mahaifa ko ta cikin mahaifar, kuma wata uku sun isa haka. In an kama ta da wuri aiki ake yi a cire kuma ana warkewa. In tayi nisa sai gashi da na'ura haɗe da ƙarin ruwan magani, wannan kuma ga mu 'yan arewa tafiya ce, Babban Asibitin Duwala na daga cikin inda ake yi, daga Kusiri sai kun bi Marwa da Garwa da Ngawundare sannan jirgin ƙasa zuwa Yawunde kafin Duwala, ga kuɗin zama. Na faɗi wannan ne dan ki kira 'yan'uwanki maza yau ba gobe ba su san abinda ake ciki, kowane wata da aka ƙara yana ƙara nisan tafiyar da nauyin kuɗin.

Kunyarta kuma ki girmama ta, kar ki yi mata faɗa kuma kar ki ambaci kansa tukuna. Ki fara zuwa ke kaɗai ki tambaya wace rana likita mace ko babbar ungozoma ke aiki, ki karɓi randebu a ranar. Sannan ki samu wadda Inna ke jin nauyinta, yayarta ko aminiyarta ko malamar da take zuwa karatu wajenta, ita ta yi mata maganar, tsofaffi sun fi jin ta tsaransu. Ki gaya mata za'a rufe ta da zane, ke kuma kina tsaye ta wajen kanta riƙe da hannunta har a gama. Ki tafi da zani na biyu da pad a jaka, ki rubuta ranar da kika fara ganin jinin da sau nawa yake zuwa, likita zai tambaya kuma ita ba zata faɗa ba. In kun dawo ki rubuto min abinda aka ce.